Kura da Shan Bugu: Hoton Babban Hafsan Mayaƙan Sama a Twelve O'Clock High da Catch-22

1.0 Gabatarwa

A kirarin mayaƙa da waƙoƙin maza da muka gada, ba a yabon shugaban yaƙi sai da shiga gaba. Shi ne farkon wanda mashi zai tarar, in kuwa an ci nasara kowa ya ga inda ya tsaya. Yaƙin sama na ƙarni na ashirin ya zo da wani irin shugaba wanda wannan ma'auni bai cika kama shi ba. Sau da yawa aikinsa a ƙasa yake, gaban taswira da wayar tarho. Da asuba ya sallami samari ɗaruruwa, da la'asar ya fito ya ɗaga kai yana ƙidayar jiragen da suka komo. In an sami abin da ake so, shi ake ƙara wa anini a kafaɗa. Waɗanda ba su komo ba kuwa, sai a rubuta wa iyayensu takarda.

Wannan maƙala za ta dubi yadda ayyukan adabi biyu na Amurka suka zana irin wannan shugaba a Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko shi ne fim ɗin Twelve O'Clock High na 1949, wanda Henry King ya ba da umarni, aka kuma ɗauko shi daga littafin da Beirne Lay da Sy Bartlett suka wallafa a 1948. Na biyu shi ne ƙagaggen labarin Joseph Heller, Catch-22, na 1961. Tambayar da za mu yi musu guda ce: wa ke biyan kuɗin aninin da ke kafaɗar babban hafsa? Kowannensu ya ba da tasa amsa. Za mu auna amsoshin da juna, sannan mu auna su da rayuwar hafsoshin da suka yi yaƙin da gaske.

2.0 Fagen Labaran

Kafin mu shiga tarke, ya kamata mu san irin aikin da ake magana a kansa. Daga 1942 Amurka ta girke Runduna ta Takwas ta mayaƙan samanta a Ingila. Shugabanninta sun yi imani cewa manyan jiragen jefa bom, irin su B-17 mai ɗaukar mutum 10, za su iya shiga ƙasar Jamus da rana tsaka, su saita masana'antu su ragargaza, su kuma kare kansu da bindigoginsu ba tare da rakiyar ƙananan jiragen yaƙi ba. Wannan imani ya ci rayuka. Ran 17 ga Agusta 1943 an tura jirage 376 kan garuruwan Schweinfurt da Regensburg, 60 ba su dawo ba. Ran 14 ga Oktoba na wannan shekara aka sake komawa Schweinfurt, inda masana'antun boris suke, da jirage 291, aka sake rasa 60, wato mutum 600 a yini guda, wasu matattu wasu fursunoni. Kafin yaƙin ya ƙare wannan runduna kaɗai ta rasa rayuka kimanin 26,000.

Domin a bar wa ma'aikatan jirgi ɗan abin sa rai, aka yanka musu adadi: wanda ya kai hari sau 25 ya sauke nauyi, ya koma gida. A 1944 aka ɗaga adadin zuwa 30, daga baya 35. Mai karatu ya riƙe wannan batu na adadi, domin a kansa Heller ya gina littafinsa.

Marubutan duka sun ga abin da idonsu. Lay yana cikin jiragen da suka je Regensburg. Heller kuma mai saita bom ne a jirgin B-25, ya kai hari sau 60 daga tsibirin Kosika a 1944. Ke nan saɓanin da za mu gani tsakaninsu saɓani ne na shaidu biyu, kowa da inda ya tsaya: Lay ya zauna da manya a hedikwata, Heller kuwa ƙaramin hafsa ne da ke karɓar umarni.

3.0 Janar Savage: Jiki Magayi

Sunan fim ɗin daga bakin ma'aikatan jirgi ya fito. Sukan ɗauki sararin da ke kewaye da su tamkar fuskar agogo, ƙarfe 12 shi ne gaba sosai. Ma'anar sunan ke nan: ga abokin gaba nan tafe ta goshi, daga sama.

An zuba labarin ne ta hanyar waiwaye. A 1949 wani lauya, Harvey Stovall, ya ga wani kofin tangaran mai siffar kan mutum a wani kanti a Landan. Ya gane shi, ya saya, ya tafi tsohon sansaninsu da ciyawa ta cinye, daga nan tunani ya mayar da shi 1942. Ƙungiyar jirage ta 918 ta yi ƙaurin suna da rashin sa'a. Shugabanta, Kanar Davenport, mutumin kirki ne da ke ɗaukar yaransa kamar 'ya'yan cikinsa. Da mai duba hanyar jirgi ya yi kuskuren da ya jawo asara, sai Davenport ya ɗora laifin a kansa, ya ƙi cire yaron. Saboda haka Janar Pritchard ya tuɓe shi, ya naɗa Birgediya Frank Savage, wanda Gregory Peck ya fito a matsayinsa.

Savage ya shigo da zafi. Ya rufe mashayar hafsoshi, ya mayar da kowa horo, ya gaya wa matuƙa su daina shirin gobe, su ɗauka sun riga sun mutu, don tsoro ya sake su. Ya kama Laftana-Kanar Gately, ɗan gidan manyan soja, da laifin zille wa aiki, ya ƙasƙanta shi, ya ba shi jirgin da aka rubuta wa suna mai ma'anar Unguwar Kutare, ya ce duk wani ragon ma'aikaci can za a tura masa. Matuƙa gaba ɗaya suka nemi a canja musu wurin aiki. Stovall, wanda ke riƙe da ofis, ya jinkirta takardun don Savage ya sami lokaci. Sannu a hankali ƙungiyar ta miƙe, matuƙan suka janye takardunsu, Gately kansa ya zama gwarzo, har ya kai hare-hare da tsagaggen ƙashin baya bai gaya wa kowa ba.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da ya biyo baya. Cutar da Savage ya zo warkarwa ita ta kama shi. Ya san yaran, ya ƙaunace su, ya ga ana harbo su ɗaya bayan ɗaya. Ran da za a koma kan masana'antar boris karo na biyu, ya kama ƙofar jirgi zai hau, hannuwansa suka ƙi ɗaga shi. Gately ya ja tafiyar. Savage ya wuni zaune a kujera, ba magana ba motsi, har sai da ya ji ƙugin jiragen suna sauka. Bahaushe ya ce jiki magayi. Bakin Savage bai taɓa furta tausayi ba, jikinsa ne ya tona shi.

Ta fuskar salo, mun yaba wa King da bai ruɗu da sararin sama ba. Mafi yawan fim ɗin a ɗaki ake yinsa, tsakanin mutum biyu ko uku, kusan babu kiɗa. Sai can kusa da ƙarshe ake kai mu cikin faɗan, da hotuna na ainihi waɗanda aka ɗauka lokacin yaƙi. Wannan tsari ya dace da jigon, domin rayuwar babban hafsa jira ce da sa hannu a takarda. Amsar fim ɗin ga tambayarmu a fili take: shugaban ne ke biya, da lafiyarsa da hankalinsa.

Amma akwai inda muke da ja. Fim ɗin ya ɗora matsalar ƙungiya ta 918 a kan karayar zuciya da sakacin horo. Pritchard ya ce dole a tabbatar wa duniya cewa harin rana zai yi aiki, kuma labarin bai ba kowa damar musa masa har ya yi nasara ba. Alhali alƙaluman 1943 da muka kawo sun nuna cewa babu horon da zai hana asara muddin babu rakiya. Abin bai sauya ba sai da jiragen P-51 masu dogon zango suka fara raka su daga ƙarshen 1943. Ba mu manta ba kuma cewa rundunar mayaƙan saman Amurka, wadda ta sami cin gashin kanta a 1947, ta taimaka wa masu fim ɗin da jirage da filin sauka, daga baya ma ta riƙa koyar da shugabanci da shi. Wanda ya ba ka aron doki, da wuya ka kushe tafiyarsa.

4.0 Kanar Cathcart: Gardi da Karɓar Kuɗi

Heller ya kai mu tsibirin Pianosa na ƙasar Italiya a 1944. Babban tauraronsa Kyaftin Yossarian ne, mai saita bom, wanda ba shi da wani buri illa ya tsira da ransa. Sunan littafin sunan wata ƙa'ida ce: mahaukaci yana da damar a dakatar da shi daga tashi, amma sai ya nema da bakinsa, wanda kuwa ya nema ya nuna yana tsoron mutuwa, mai tsoron mutuwa kuma ba mahaukaci ba ne, don haka sai ya tashi. Gaba kura, baya sayaki.

Wanda ya ɗana wa Yossarian wannan tarko shi ne Kanar Cathcart, ɗan shekara 36, wanda ba ya barci don son zama janar. Hedikwata ta yanka hari 40 ga kowane ma'aikaci. Cathcart ya lura cewa in yaransa suka fi na kowa tashi, manya za su san da shi. Saboda haka duk sa'ad da mutane suka kusa cika adadi sai ya ƙara, daga 25 tun farko har ya kai 80. Shi ke miƙa ƙungiyarsa ga hare-hare mafi haɗari, irin na Bologna da Avignon, shi kuwa da ƙyar yake hawa jirgi. Yana da takarda mai layi biyu, ɗaya na abubuwan da suka jawo masa yabo, ɗaya na waɗanda suka ba shi kunya. Ya nemi a riƙa yin addu'a kafin tashi don hotonsa ya fito a mujallar Saturday Evening Post. Ya sa a shirya wasiƙar ta'aziyya iri ɗaya ga iyalan duk wanda ya mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na sama da shi ba su fi shi ba. Janar Peckem ya fi damuwa da tuɓe Janar Dreedle a kan cin Jamusawa. Shi ya ƙago zancen cewa bama-bamai su riƙa faɗuwa a tsare don hoton da za a ɗauka daga sama ya yi kyau, ya kuma faɗa da bakinsa cewa zancen ba shi da wata ma'ana, amma kanar-kanar suka ɗauke shi kamar doka. Da ya sami kujerar Dreedle, sai ya wayi gari Scheisskopf, wanda bai san komai ba sai faretin soja, ya zama shugabansa. Wani hafsa kuma na'urar IBM ce ta yi masa ƙarin girma zuwa manjo, don kawai sunansa ya yi kama da muƙamin. A duniyar Heller anini ba ya bin cancanta ko kaɗan.

Gwanintar da ta fi burge mu a littafin tana cikin zubinsa. Ba a jera aukuwar labarin bi da bi ba, ana gaba ana baya, har mai karatu ya rasa ranar da yake ciki. Abin da zai kama ya gane lokaci shi ne adadin harin da Cathcart ya yanka a wannan babi: in 45 ne, to, ana nan, in 70 ne, an yi nisa. Wato kwaɗayin mutum guda shi ne kalandar littafin. Har ila yau, cikin wannan barkwanci akwai wani abu da ke ta leƙowa yana komawa, wato mutuwar wani yaro maharbi mai suna Snowden a hannun Yossarian a kan Avignon. Sai kusa da ƙarshe Heller ya buɗe mana raunin gaba ɗaya, a nan dariya ta ɗauke. Daga nan ne muke gane nauyin tayin da Cathcart da mataimakinsa Korn suka yi wa Yossarian: za su mayar da shi gida da ƙarin girma, muddin zai riƙa faɗin alheri a kansu. Ya fara amsawa, daga baya ya ƙi, ya gudu da niyyar kaiwa Suwidin. Amsar Heller ke nan: yaran ne ke biya, har yabon ma su ake so su biya.

Duk da haka, zambo yana da iyakarsa. Manyan hafsoshin Heller ba su da ciki. Yadda muka tarar da Cathcart a farko haka muka bar shi. Dukkansu wawaye ne ko matsorata. Haɗarin wannan shi ne mai karatu ya rufe littafin yana zaton ɓarnar yaƙi aikin wawaye ce, da an sami masu hankali da an huta. Heller kansa ya sha faɗi cewa bai gamu da mugun hafsa ba a zamanin aikinsa, kuma fushin littafin ya fi dangantaka da Amurkar shekarun 1950, zamanin farautar 'yan gurguzu. Babin da ake tilasta wa soja sa hannu a takardar rantsuwar biyayya kafin a ba su abinci shaida ne a kan haka.

5.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

To, yaya hafsoshin gaske suka ƙare? An gina Savage ne a kan Kanar Frank Armstrong, ƙungiya ta 918 kuma ita ce ta 306, an ninka lambar sau uku. Armstrong ne ya ja harin farko na manyan jiragen Amurka a Rouen ta Faransa ran 17 ga Agusta 1942. A Janairu 1943 Janar Ira Eaker ya tuɓe shugaban ƙungiya ta 306 ya naɗa shi, ran 27 ga watan kuma ya ja harin farko cikin ƙasar Jamus, a Wilhelmshaven. Amma Armstrong bai durƙushe a ƙofar jirgi ba. Makonni kaɗan ya yi a wurin, aka ƙara masa girma, ya je ya yaƙi Jafan a 1945, ya yi ritaya yana Laftana-Janar. Ke nan wurin da ya fi taɓa zuciya a fim ɗin shi ne wurin da aka ƙara. Eaker kuwa, wanda aka gina Pritchard a kansa, bayan asarar 1943 an ɗauke shi daga Runduna ta Takwas a Janairu 1944, aka ba Janar Doolittle, shi kuma aka ba shi wata babbar kujera a yankin Bahar Rum.

Wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Curtis LeMay. A 1941 manjo ne. A 1942 ya kai ƙungiya ta 305 Ingila yana kanar, ya umarci matuƙansa su bi layi miƙe a kan wurin da za a jefa bom, ba kauce-kauce, ko da igwa na ruwan wuta, ya kuma shiga jirgin gaba da kansa. Shi ya ja harin Regensburg. A 1944 ya zama Manjo-Janar yana da shekara 37. A Janairu 1945 aka tuɓe Janar Haywood Hansell daga shugabancin jiragen B-29 masu kai wa Jafan hari, domin ya nace a kan saitin masana'antu da rana kuma sakamako bai gamsar da manya ba. Aka naɗa LeMay. A daren 9 zuwa 10 ga Maris ya tura jirage kimanin 300, ƙasa-ƙasa, ɗauke da bama-bamai masu cinna wuta, kan unguwannin Tokiyo. Mutum tsakanin 80,000 da 100,000 suka mutu a dare ɗaya, akasarinsu farar hula. A 1961, shekarar da Catch-22 ya fito, LeMay ya zama babban hafsan hafsoshin mayaƙan saman Amurka.

Ga mutum nan wanda ba matsoraci ba ne kamar Cathcart, bai kuma karye kamar Savage ba. Jarumi ne, gwani ne, yana rage asarar yaransa, yana kuma hawa matakala da sauri. Babu gurbinsa a ɗaya daga cikin ayyukan biyu, domin shigar da shi zai tilasta a kawo mutum na uku cikin lissafin, wato wanda bom ke faɗa wa. A Twelve O'Clock High ba mu ga fuskar kowa a ƙasa ba, sai hayaƙi daga nesa. Heller ya ɗan matsa kusa, inda aka umarci ƙungiyar ta rushe wani ƙauyen Italiya da ba ruwansa, don ɓaraguzansa su toshe hanya, har abokin Yossarian, Dunbar, ya yi gardama. Amma 'yan shafuka ne, kuma ƙauyawan ba su yi magana ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa fim ɗin ya fi littafin iya gina mutum, littafin kuma ya fi fim ɗin gane yadda tsarin ƙarin girma ke aiki. King ya sa mun tausaya wa shugaba, Heller ya sa mun yi masa dariya, kuma duka hanyoyin biyu suna ba mai kallo ko mai karatu sauƙi. In shugaba ya karye, sai mu ce ya biya bashinsa. In wawa ne, sai mu ce mu ba irinsa ba ne. Rayuwar Armstrong da Hansell da LeMay ta nuna abin da ya fi wannan ɗaci: a lokacin yaƙi ana ɗaga wanda ya kawo sakamako, a ture wanda ya yi jinkiri, kuma mafi yawan kuɗin aninin yana fitowa daga mutanen da ba a rubuta sunayensu a rahoto.

Wannan darasi ne ga masu sha'awar ƙaga labari a cikinmu. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 shi ma an yi shi a sama. Kanar Shittu Alao, wanda ya shugabanci mayaƙan saman ƙasar tun 1967, ya rasu a watan Oktoba 1969 sa'ad da jirgin da yake tuƙawa da kansa ya faɗi a Uzebba. A cikin wannan yaƙi kuma bama-bamai sun faɗa wa garuruwa da kasuwanni a gabashin ƙasar. Duk marubucin da zai ɗauki irin wannan jigo, muna ba shi shawara kada ya tsaya ga kirari, kada kuma ya tsaya ga zambo. Ya ba hafsan hankalinsa da jarumtarsa cikakku, ya ba yaron da ke cikin jirgi tsoronsa, sannan ya sauko ƙasa ya ba mai tallar da ke kasuwa suna da murya. Sai an haɗa su uku lissafin zai cika.